A Kife Wayar, In Yi Birgima

Ban daɗe da fita takaba ba na ji labarin gwajin. Wata maƙwabciyata a Hayin Banki ce ta nuna min sanarwar a wayarta: wani kamfani zai ɗauki fim mai dogon zango a nan Kaduna, suna tantance 'yan wasa, kuma har da mace mai manyanta suke nema, wadda za ta fito a uwa. Ba irin uwar da ke leƙowa ta sa albarka ta koma ɗaki ba. Uwa ce da labarin ya rataya a wuyanta tun daga farkonsa har ƙarshe.

Na fi shekara talatin ina wasa, amma in kun taɓa ganina a fim, to a bayan wata kuka gan ni. Ni ce mai riƙe da kular abinci a gidan biki. Ni ce maƙwabciyar da ke leƙe ta katanga. A zaman makoki kuwa na zauna har tabarmar ta san ni. Ban raina ba, da shi na taimaki gidana, amma na gaji da zama a gefe ina kallon yarinyar da na girme wa nesa ba kusa ba an barbaɗa mata hoda a gashi tana faɗin maganganun da na san na fi ta iya faɗa. Ina ganin sanarwar nan na ce wannan tawa ce.

Babban ɗana ne ya tsaya min a hanya. Makanike ne a Mando, yana da matarsa da 'ya'yansa, kuma tun rasuwar ubansa ya ɗauki kansa a matsayin mai gidan. Ba wasan yake ƙi ba, a cikinsa ya tashi. Wata sabuwar ɗabi'a da ta shigo harkar ce take ba shi tsoro. A da in ka je gwaji ka kwafsa, kwafsawarka tsakaninka da mutanen da ke bayan tebur take tsayawa. Yanzu kuwa ɗaukar masu gwaji ake yi a waya, a tsinto waɗanda suka fi ba da kunya, a yanka, a ɗora musu kiɗan shashanci, a saki a shafin kamfani don a tallata fim tun ba a fara shi ba. Kuma babu naman da ya fi musu daɗi irin tsohuwa tana kuka.

"Umma, ni ba hana ki nake ba," ya ce, yana tsugune a bakin ƙofar ɗakina. "Amma a garejinmu kullum irin bidiyon nan ake kallo. Yara suna haɗa kai a kan waya ɗaya suna shewa. Ran da na leƙa na ga ke ce a ciki, wallahi ban san inda zan sa kaina ba."

"Kanka na nan inda Allah ya ajiye shi. Ni ce zan je, ba kai ba."

"To mu yi magana ɗaya. In kika fito a bidiyon dariyar nan, kin bar fim ke nan. Ki zauna, ni zan riƙe ki."

Zuciya ta ɗebe ni na ce na yarda. Sai da ya tada mashin ɗinsa ya tafi na fahimci abin da na ɗora a faifai. Ba rawar uwa kaɗai ba ce yanzu, sana'ar ce gaba ɗaya, kuma yarinya ɗaya mai waya ta isa ta raba ni da ita.

Da ubansa na da rai da ba a yi wannan cinikin ba. Direba ne, daga tashar Mando yake lodi, kuma duk gajiyar da ya kwaso, in ina da gwaji sai ya karɓi takardar ya karanta min maganar ɗaya ɓangaren. Bai iya ba ko kaɗan. Ko saurayi yake karantawa, ko ɓarawo, ko kishin ruwa ke kashe mutumin cikin labarin, murya ɗaya ce, a shimfiɗe. Kullum sai na ce masa, "Malam, ɗaga murya mana, ba labaran duniya kake karantawa ba." Ya yi dariya ya ci gaba yadda yake. Wannan karon ni kaɗai na haddace abina, ina faɗin nawa ina yin shiru a wurin nasa.

Yadda ake shiga ɗakin gwaji kuwa, a wurin wani dattijo na koya tun ina budurwa. Kirista ne ɗan kudancin Kaduna, tsohon ɗan wasan rediyo, gidansa na bayan namu, kuma a zaurensa ƙungiyarmu take haɗuwa. Mutum ne mai faɗa. In ka makara, a waje za ka tsaya har a tashi. Ya tsani doguwar gaisuwa a wurin aiki, ya tsani roƙo, ya fi tsanar mutum ya shigo yana cewa wane ne ya turo shi. Abin da darakta ya ce ka yi, ka yi, gardamarka ka kai ta gida. In kuma aka ce "kot", wato a tsaya, to ka tsaya ko da rabin kalma ce a bakinka. Ya taɓa jifana da hularsa saboda na ƙarasa jimla bayan ya tsayar da ni. Allah ya sa hular ba ta da nauyi, amma darasin bai bar ni ba.

Ranar gwajin na isa tun ba a buɗe ƙofa ba. Wani ɗakin taron biki suka kama kusa da Kawo. Damina ce, an yi ruwa da asuba, sannan rana ta fito da fushinta. Kafin hantsi harabar ta cika: samari da gilashin ido, 'yan mata da kwalliyar da ta fara narkewa, da mu 'yan tsirarun iyaye mata da aka ba benci ɗaya a inuwar bango.

Kusa da ni wata mata ce daga Rigasa, Bazamfara, mai sayar da awara. Ba ta taɓa tsayawa gaban kyamara ba. Matan layinsu ne suka zuga ta, wai duk bikin da aka yi sai ta kwaikwayi uwar ango ta sa mutane sun riƙe ciki don dariya. Mace ce mai shiga rai, kafin wani lokaci na san sunayen jikokinta da ciwon da ke damun gwiwarta. Can ta kwance bakin zaninta ta nuno min ƙaramin gwangwanin man zafi.

"Ɗiyata ta ce in taho da shi. Wai in an ce a yi kuka sai in shafa ƙasan ido. Haka kuke yi?"

"Wasu na yi," na ce. "Amma ke da ba ki saba ba, ki bar shi. Hannunki zai yi rawa ya shige miki ido."

"To in hawayen sun ƙi zuwa hwa? Ni mi zan ce musu?"

"Ki ce sun ƙi zuwa. Ba laifi ba ne."

Ta gyaɗa kai, amma na ga ba ta mayar da gwangwanin ba, a tafin hannunta ta dunƙule shi.

Ita aka kira kafin ni. Ƙofar ba ta rufuwa sosai, don haka muna jin komai. Da farko muryarta, tana rawa. Sai wata ƙara, ta gaske, ta wanda abu ya shiga wa ido. Sai dariya ta ɓarke. Na ji namiji yana cewa, "Ci gaba, Mama, ci gaba, faɗi ƙasa." Na ji faɗuwarta. Dariyar ta ƙaru har da buga tebur. Ni kuwa ina zaune a benci, na san wannan dariyar, kuma na san ba ta yabo ba ce.

Ta fito ido ɗaya jawur a rufe, ɗankwali a hannu, zani duk ƙura, tana washe baki.

"'Yar'uwa, sun yi dariya sosai. Ina ga na ci."

Na miƙa mata ruwan leda ta wanke idon, sai aka kira ni.

Mutum uku ne a bayan tebur. Darakta a tsakiya, matashi mai ƙaramin gemu, da alamar gajiya a fuskarsa. A damansa furodusa, wato mai kuɗin fim ɗin, ƙaton mutum da ledar gyaɗa a gabansa. A hagu marubucin, shi ke karanta wa masu gwaji ɗaya ɓangaren. Kyamarar kamfani na tsaye a kan ƙafafunta da mai ɗauka a bayanta. A gefe kuma, a kan kujerar roba, wata budurwa ce da waya a maƙale a sanda, har da 'yar fitila mai zagaye. Ita na fara gani, kuma ita ma ni take kallo, irin kallon da mai awo ke yi wa buhu.

Na yi sallama, na ce ina wuninku, na faɗi rawar da na zo nema, na tsaya inda aka manna alama a ƙasa. Ban tsuguna ba, ban tambayi iyalin kowa ba.

Wurin da suka zaɓa shi ne inda ake zuwa a gaya wa uwar cewa mijinta ya rasu a hanya. Na san da shi, na haddace shi, kuma na san abin da zai taɓo min. Marubucin ya karanta saƙon. Na yi salati a hankali, na zauna a ƙasa, na faɗi maganganun da aka rubuta ɗaya bayan ɗaya, hawaye na zuba ba tare da na nemo su ba. Haka na ga mata suna karɓar wannan labari, haka ni ma na karɓe shi.

"Kot," darakta ya ce. Na tsaya. "Mama, ya yi kyau, amma ya yi sanyi. Masu kallo wuta suke so. Ki sake. Wannan karon ki kurma ihu, ki faɗi, ki yi birgima, ɗankwali ya fita. Ki haukace mana."

Kafin ya rufe baki budurwar ta miƙe. Ta kunna fitilarta, ta matso, ta durƙusa daidai inda fuskata za ta faɗi. Dariyar ma ta riga ta fara taruwa a kumatunta tun ban yi komai ba.

A nan ne abubuwa biyu suka yi karo a kaina. Dattijon da ya koya min wasa ya ce abin da darakta ya ce a yi, a yi. Kuma gaskiyarsa ne, ni ba na cikin masu zuwa gwaji su koya wa mai fim yadda zai yi fim ɗinsa. In birgima yake so, haƙƙinsa ne ya ga ko na iya. Amma na san inda birgimar nan za ta kwana in ta shiga wayar can. Za ta kwana a garejin Mando, yara sun haɗa kai a kanta, ɗana yana tsaye a bayansu da sifana a hannu.

Na miƙe tsaye, na kakkaɓe zanina.

"Ranka ya daɗe, zan yi. Daga nan har bakin ƙofar can zan yi birgima in kana so. Amma waccan kyamarar ita ce ta aiki, ita na zo wa. Wannan wayar ba ta aiki ba ce. A kife ta."

Furodusa ya daina tauna. "Hajiya, kowa haka muka yi masa. Talla ce. In ba za ki iya ba, akwai mutane cike a waje."

"Na san akwai, tare muka sha rana. Ban ce ba zan iya ba, Alhaji. Na ce a kife wayar. Kuma abin da kyamara ta ɗauka na zaɓen 'yan wasa ne, ba na shafi ba. Ina so in ji haka daga bakin darakta."

"Ikon Allah. Yau ga mai neman aiki da sharaɗi."

Bakina cike yake da magana, kuma waɗanda suka san ni sun san ba na rasa ta, amma na haɗiye. Na haɗa hannuwana a gaba, na tsaya a kan alamata, na zuba wa darakta ido. Ban ɗaure fuska ba, ban kuma yi murmushi ba. Amma na san da kalma ɗaya za su iya cewa in fita, kuma in na fita, rawar uwar nan ta tafi har abada.

Mai kyamara ya ɗago kai. Darakta ya shafa gemunsa, ya dubi furodusa, ya dubi agogo.

"Kife wayar," ya ce wa budurwar. Ta buɗe baki za ta yi magana. "Na ce ki kife. Mama, na yi miki alkawari, ba za a saka ba. Bismillah."

Ta ajiye ta a kan tebur, fuska a ƙasa, da ƙarfin da ya nuna ranta bai so ba. Sai da na ga fitilar ta mutu na juyo.

Marubucin ya sake karanta saƙon.

Ban yi niyyar abin da ya fito ba. Tun ranar da aka shigo da mijina a kwance, ban yi kuka mai sauti ba. Da na buɗe baki sai wata ta dafa ni ta ce in yi haƙuri, addu'a yake buƙata. Mata suka yi ta shigowa suna ya haƙuri, ina cewa da godiya, har bakina ya bushe. 'Ya'yana suna kallona, in na karye su ma za su karye. Haka na yi takabata kaf, a zaune, a nutse, ana yaba min tawakkali. Ashe kukan yana nan, wuri yake jira.

Na kurma ihun da ni kaina ban san muryata ce ba. Na faɗi a kan tayil ɗin nan mai danƙon zoɓon bikin da aka yi jiya. Na yi birgima, ɗankwali ya fita, kaina ya bugi ƙafar kujera ban ji ba. Na daki ƙasa da tafin hannu. Amma ko a cikin wannan hali, wani ɓangare na kaina yana tsaye yana aiki. Ban saki kalma ɗaya daga abin da aka rubuta ba, ban ƙara tawa ba, ban juya wa kyamara baya ba. Kukan nawa ne, maganar tasu ce, kuma na ba su duka biyun.

"Kot."

A tsakiyar kalma ya same ni, a nan na tsaya. Na tashi zaune, na jawo ɗankwalina na ɗaura, na share fuska da gefen mayafi. Babu wanda ya yi dariya. Babu kuma wanda ya tafa, kada in yi muku ƙarya. Furodusa yana kallon ledar gyaɗarsa, budurwar tana kallon bango.

"Mun gode, Mama. Za mu kira ki," in ji darakta. Haka suke ce wa kowa.

"Ni ce da godiya. A tashi lafiya." Na fita ban waiwaya ba.

Matar Rigasa tana jirana a waje, wai ba za ta tafi ba sai ta ji yadda na yi. Muka taka tare zuwa bakin titi neman keke napep. Na ce mata ta koma ta roƙe su kada su saka bidiyonta. Ta dube ni da idonta mai lafiya kamar na ce ta zubar da jarinta.

"In sun saka ai na yi suna, 'yar'uwa. Don mi zan hana?"

Na yi mata bayani iya yina, ba ta gane ba, ko kuma ba ta so ta gane. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, kuma ba da ita nake fushi ba.

Bayan 'yan kwanaki bidiyon ya fito. Ɗana ya zo da la'asar ko wanka bai yi ba, hannunsa baƙi ƙirin da man inji. Ya zauna a tabarma ya ce, "Umma, sun saki. Ban kalla ba, na ce sai a gabanki." Muka haɗa kai a kan wayar. Ga wani saurayi ya manta maganarsa yana sosa ƙeya. Ga wata yarinya tana rawa ba kiɗa. Sai ga matar Rigasa, an ba ta wuri mafi tsawo, tana tsalle da ido a rufe, an maimaita faɗuwarta har sau nawa, an ɗora mata kukan akuya. Ɗana ya tuntsire da dariya.

"Uwar wani ce," na ce.

Dariyar ta tsaya masa a wuya. Ya kalli sauran a shiru, ya mayar farko ya sake kallo yana neman mayafina a kowane lungu. Babu ni.

"Alhamdu lillahi," ya ce, ya sauke ajiyar zuciya. "Ashe ke ba su sa ki haukan nan ba."

"Sun sa ni. Na yi birgima har kusa da ƙofa. Ga ƙulun nan a kaina, taɓa ka ji."

Ya zaro ido. "Birgima, Umma? A gaban mutane? To ya aka yi…"

"Na sa an kife wayar."

"Kuka fa? Man zafi kika shafa?"

"Kukan babanka na yi musu. Wanda kuka hana ni yi a gidan nan."

Ya ajiye wayar a tabarma, ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana murza baƙin man da ke yatsunsa. Da aka kira magariba ya tashi ya tafi masallaci, ko sallama bai iya yi min ba.

Ba su kira ni ba. Daga baya na ji wata fitacciya suka ba rawar, mai mabiya da yawa a waya, kuma da fim ɗin ya fito na gan ta da hodarta a gashi. Ya yi min ciwo, ba zan ɓoye ba, na yi kwanaki ba na son magana da kowa. Wasu 'yan harkar sun ce bakina ne ya ja min, wai an ce ina da taurin kai. Wataƙila haka ne. Ko gobe aka haska min fitilar nan a fuska, abin da na faɗa shi zan sake faɗa. Sharaɗinmu da ɗana dai bidiyo ne, kuma ban fito a bidiyo ba, saboda haka ban bar fim ba.

Da aka sanar da wani gwajin a Malali, na karɓo takardar na zauna a tsakar gida da yamma ina bita, ina faɗin nawa ina yin shiru a wurin ɗaya ɓangaren. Ban ji shigowarsa ba. Ya tsaya a kaina na ɗan lokaci, sannan ya goge hannunsa a wando, ya zauna, ya zare takardar daga hannuna.

"Ina ne nawa?"

Na nuna masa. Ya gyara murya ya fara. Mutumin cikin labarin gidansa ne ke cin wuta, amma ɗana ya karanto shi a shimfiɗe, kalma bayan kalma, ko gargada babu. Ubansa sak.

"Ɗaga murya mana," na ce. "Ba labaran duniya kake karantawa ba."